Haihuwarki Nawa?

Birnin Kudu,
9 ga Janairu, 1977.

Zuwa ga Yaya Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Mu nan kalau muke, sai Dada da ciwon ƙafa ke damu tun shigowar sanyi, amma tana can Gwaram tana faɗa da jikoki, ka san kuwa lafiya ke nan. Maigidan yana gaishe ka. Hadi ya shiga aji huɗu, Huseina da Salihu kuma suna nan sun hana ni sakat.

Kada ka tsaya juya takarda kana neman wace ce. Barira ce, 'yar Dada, jikar Malam Barau na Gwaram, yayan kakarka Mero. Ka ga ke nan akwai wasan taubasai tsakaninmu ko da na nesa ne. Rabonmu da haɗuwa tun bikin Ɗan'azumi, kana ɗalibi, ranar da ka tashi da malmala uku kana cewa ba ka jin yunwa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ni nas ce a ɓangaren haihuwa na asibitin nan. Shekara biyu ke nan, duk ranar da motar asibiti za ta fita ƙauye ina bin Ɗanbala direba, mu je Sundimina, Unguwar Ya, Sara, har ƙauyukan bayan Gwaram. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ciwon nan na jarirai, tetanus, mai shiga ta cibi. Yaro ya yi kwanaki yana shan nono lafiya, sai ya ƙi kamawa, muƙamuƙi ya sandare, baya ya banƙare, kafin suna ko bayan suna kaɗan an binne shi. Mutanenmu su ce iska ce. Ni da kai mun san tsohuwar reza ce da abin da ake shafa wa cibi.

Na tambayi mata ɗari huɗu da 'yan kai a kan haihuwarsu, abin da na gano kuma ya ba ni mamaki. Ciwon bai cika taɓa ɗan fari ba, daga na biyu zuwa sama yake ɓarna. Amfanin sanin haka shi ne, allurar rigakafin da ake yi wa mai ciki don ta kare jariri, abin da ake aiko mana ba ya isar rabin matan da muke gani. Kullum sai mun zaɓi wadda za a yi wa, da ka muke zaɓen. In har ɗan fari ya fi tsira, sai a bar masu cikin fari a yi wa sauran. Babban jami'in lafiya na yankinmu ya ce shi ba zai canja tsari da maganar nas ɗaya ba, amma in masana suka saurara suka karɓa, zai bi.

Shi ya sa na aika taƙaitaccen bayanin binciken zuwa taron likitoci da masu binciken lafiya da za a yi a Jos cikin Oktoba. Kalma ɗari biyu da hamsin suka ce, da Turanci. Na farko da na rubuta, godiya ga hakimi da dagatai kaɗai ta cinye ɗari, sai da Sista Jummai, shugabarmu, ta sa jan biro ta soke su ina ji ina gani. Jiya kuma na ji daga bakin wani likitanmu wai kana cikin kwamitin da ke zaɓen waɗanda za su yi magana. Na ce alhamdu lillahi, abu ya zo gidan sauƙi.

Don Allah ka sa mini ido a kanta. Ina son wannan abu har zuciyata, ba zan ɓoye maka ba.

Taka,
Barira.

Zariya,
2 ga Fabrairu, 1977.

Barira,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, na kuma yi murna ƙwarai. Malmala biyu ce, ta ukun Ɗan'azumi ya taya ni. Iyali suna amsawa. A duba mini Dada, a ce ta riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi ta rage zirga-zirga, ko da yake na san ba za ta ji ba. A gaida ɗan farinki Hadi, ya dage da karatu.

Bari in faɗa miki yadda aikin yake, don kada ki ɗora mini abin da ba ya hannuna.

Duk takardar da ta iso, sakataren kwamiti ne ke buɗe ta. Yana sa almakashi ya yanke saman, inda sunan marubuci da wurin aikinsa suke, ya buga wa sama da ƙasa lamba iri ɗaya, ya kulle saman a durowa. Mu abin da ke zuwa mana jiki ne ba kai. Kowace takarda mutum biyu ke karantawa, kowa a ɗakinsa, ɗaya bai san ɗaya ba. Abu huɗu ake dubawa. Tambayar da mai binciken ya yi wa kansa, a fili take? Hanyar da ya bi, in wani ya bi ta zai isa inda ya isa? Abin da ya ce ya gano, lissafinsa ya ɗauke shi, ko ya faɗi abin da ya fi ƙarfin lissafin? Sannan wa zai amfana? Kowanne da makinsa. In makin mutum biyun ya yi kusa, an gama. In ya yi nisa, a ba na uku ya raba gardama.

Daga nan sai mu zauna mu jera su. Na sama a ba su minti goma su hau mumbari su yi magana gaban jama'a. Na tsakiya a ba su allo a baranda, su manna aikinsu su tsaya kusa, mai so ya zo ya tambaya. Na ƙasa a rubuta musu a ba su haƙuri. Bana takardu sun haura ɗari, mumbari kuwa ba zai ɗauki talatin ba. Na ga farfesa ya faɗi, na ga malamin asibitin ƙauye ya haye, don almakashi bai san kowa ba.

Akwai kuma doka guda da ta shafe mu. Wanda ya gane takardar ɗan'uwansa, ko ɗalibinsa, ko wanda suke gaba da shi, dole ya faɗa, ya cire hannu. Kin riga kin gaya mini abin da ke cikin taki, saboda haka ko babu suna zan gane ta. Na je na shaida wa shugaban kwamiti. Ba zan karanta ta ba, ba zan ba ta maki ba, in aka zo kanta a zama zan tashi in fita. Kada kuma ki aiko mini da kwafi.

Na san ba haka kika so ba. Amma in kika haye ta hannuna, duk wanda ya sani zai ce taubashinta ne ya ɗaga ta, jami'in naku ma ba zai ɗauki maganar da daraja ba.

Tambaya ɗaya, ta ɗan'uwa ba ta ɗan kwamiti ba. Yaya kika yi wa matan nan tambayar, kuma su wa ke wurin in kina yi?

Naki,
Ƙasimu.

Birnin Kudu,
20 ga Fabrairu, 1977.

Ranka ya daɗe Likita,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Dada ta ce ta gode, ruwan ɗumi kuwa tun kafin a haife ka take jiƙa ƙafa a ciki.

Na karanta darasinka na almakashi, na fahimta. Ashe Zariya in mutum ya ga ɗan'uwansa tashi yake ya fita. Mu nan in mun ga namu tabarma muke shimfiɗawa. Ban ce ka yi mini ƙarya ba, ban ce ka danne wani ba, cewa na yi ka sa ido. Ka ce ba za ka taɓa ta ba, to, Allah ya ba da sa'a.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne layinka na ƙarshe. Ka ƙi karanta takarda amma kana tuhumar mai ita. Wato a ganinka nas ba ta iya tambaya ba, ko kuwa kana zaton a ofis na zauna na cike lambobin? Tun da ka tambaya, ga amsa. Gida-gida na shiga. In na yi sallama, ba na ɓoye-ɓoye, a tsakar gida nake zama, a tara mini matan, uwar miji na zaune, don kada a ce 'yar asibiti ta ja matar mutane ɗaki tana zuga ta. Kowace in ce mata, "Haihuwarki nawa? Nawa ke raye? Wanda ya rasu, na nawa ne, yaya ciwon ya yi masa?" In ta ambaci ƙin nono da sandarewa, in rubuta. Daga nan in je wurin ungozomar garin in tambaye ta haihuwar da ta karɓa a gidan, in gwada da abin da uwar ta faɗa. Kusan kullum bakinsu ɗaya. In akwai hanyar da ta fi wannan, sai ka zo ka shiga motar Ɗanbala ka koya mini, ka ji yadda hanyar Basirka ke yi wa ƙugu.

Na ji zafi, Yaya Ƙasimu, gara in faɗa maka. Shekara biyu ba kwana biyu ba ce.

Barira.

Birnin Kudu,
24 ga Afrilu, 1977.

Yaya Ƙasimu,

Salamu alaikum. Wata biyu ba amsa. Na ce ko dai maganata ta yi maka nauyi, ko kuwa dokar kwamiti ta hana gaisuwa ma. Ko ma mene ne, ina fata lafiya. Zafi ya yi yawa nan, Salihu ya yi ƙyanda amma ya warke.

Albishirinka. An karɓa! Ba allon baranda ba, mumbari, minti goma cif. Sun haɗo mini da ra'ayin masu dubawa biyu, ba suna. Ɗaya ya ce bai taɓa ganin an ba da rahoton irin wannan ba, ya kamata a ji shi. Ɗayan ya yaba da yadda na gwada maganar uwa da ta ungozoma. Ka ji fa, hanyar da kake tuhuma ita aka yaba.

Sista Jummai ta yi guɗa a ofis. Maigidan ya yarda in tafi, ƙanwarsa za ta zauna da yara. Dada ta gaya wa Gwaram kaf, har an fara cewa wai za a sa ni a rediyo. Jami'in lafiya ya kira ni ya ce da na dawo daga Jos za a fara sabon tsarin allura yadda na ce, masu ciki na biyu zuwa sama tukuna.

Na yafe maka. Ka tanadi kujera a gaba ka ga aikin 'yan ƙauye.

Taka,
Barira.

Zariya,
15 ga Mayu, 1977.

Barira,

Wa alaikumus salam. Ba fushi na yi ba. An tura mu gabas aikin sanƙarau tun ƙarshen Fabrairu, ranar zaman kwamiti kaɗai na leƙo, ko gida ban shiga ba na juya, sai makon nan na dawo. Wasiƙunki biyu a gida na tarar da su, na karanta su a jere. Allah ya ƙara wa Salihu lafiya.

Ina taya ki murna, da gaske nake. Ina tsaye a baranda aka yi maganar takardarki, da na koma na ga lambarta a sama. Kin ci da ƙarfinki.

Yanzu ki yi haƙuri ki karanta sauran a zaune.

Ban san su wa suka duba taki ba, ba a faɗa. Amma a kwamitin nan ni kaɗai na tashi a gidan Bahaushe. Sauran ƙwararru ne, sun fi ni sanin lissafi, sun kuma yi hukunci daidai da abin da ke kan takarda. Abin da ba ya kan takarda ba su da hanyar saninsa. Mutum ɗaya da zai iya tambaya, zumunci ya fitar da shi waje.

Ni ɗan fari ne. Na kusa arba'in ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Da "wancan" ne ni, yanzu na zama "mutumin Zariya". Lokacin ƙidaya ina zaune a zaure, malamin ƙidaya ya tambaye ta 'ya'yanta ta bayan labule, ta fara daga Ibrahim, ƙanena, ta sauka har auta ta yi shiru. Sai da Baba ya ce a ƙara ɗaya. Wannan fa rayayye ne, da gemunsa, yana jin ta.

To ina ga wanda ya rasu bai kai sati biyu ba? Kin tambayi mace haihuwarta nawa, a tsakar gida, gaban uwar mijinta. Daga wane ɗa za ta fara ƙirga? In ta tsallake na farin, na biyu ya zama na fari a takardarki, shi kuwa yana raye yana wasa a gabanki. Kin ce ungozoma ta gaskata ta. Ai dole. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, mace ta tafi goyon ciki ta yi wanka can. Ungozomar garin miji ba ta yanke wannan cibi ba, ba ta san da shi ba. Bakinsu ya zo ɗaya ne don su biyun daga na biyu suka fara.

Ban ce na tabbata ba. Mai yiwuwa kina da gaskiya. Amma in ni ke da ita, daga Oktoba za a hana allura ga matan da 'ya'yansu ke mutuwa kamar na kowa, da hujjar takardarki.

Ban ga laifinki ba. Ke 'yar boko ce, kina rubuta sunan Hadi gaba gaɗi a layin farko, ba ruwanki da kunyar ɗan fari, shi ya sa kika manta matan ƙauye ba haka suke ba.

Ga abin da doka ta ce. Kafin a buga littafin taron cikin Agusta, marubuci na iya aiko wa shugaban kwamiti gyara. In gyaran ya taɓa sakamako, takardar za ta koma hannun masu dubawa kamar sabuwa, tana kuma iya rasa mumbari. Ni ba zan ce musu komai ba, na cire hannu tun farko, ba zan mayar da shi ta bayan gida ba. Takardarki ce.

Naki,
Ƙasimu.

Birnin Kudu,
3 ga Yuli, 1977.

Yaya Ƙasimu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Damina ta zauna, gero ya yi kyau a Gwaram, Dada har ta sa an shuka mata gyaɗa a bayan gida.

Wasiƙarka ta yi kwanaki ƙarƙashin tabarmar sallata. Na fara rubuta maka amsa sau biyu ina yagawa, don abin da ke ciki bai dace da ƙanwa ba. Na ce wa kaina hassada ce, ka ga an karɓa ba da hannunka ba. Na san ba haka ba ne, amma na ji daɗin faɗa.

Daga baya na koma. Wannan karon ban je wurin matan ba, wurin iyayensu mata na je, kowace a garinsu. Ka san kaka ba ta kunyar jika, ita ce ma mai tsokanarsa. Ruwa ya ɓata hanyoyi, mota ta kafe mana a rafi fiye da sau ɗaya, har Ɗanbala ya ce in dai takarda ce ke sa mutum haka, shi ya gode Allah da bai yi boko ba. Mata sittin kaɗai na iya bin sawunsu.

Ta farko wata tsohuwa ce a Sara. 'Yarta tana aure a Sundimina, a takardata haihuwarta huɗu, duka a raye. Na gaishe ta na ce, "Inna, jikoki nawa gare ki wajen Huraira?"

Ta ce, "Huɗu ke nan, biyar da mai gidana da ya tafi ya bar ni."

Na ce, "Wanne ke nan?"

Ta nuna mini ɗakin da ke bayanta ta ce, "Na farin mana. Nan ta haife shi. Yaro jawur, ga gashi. Ana jibi suna ya ƙi nono, bakin nan kamar an ɗaure da igiya. Ragon ma an riga an saya."

Na ce, "Ita ba ta gaya mini ba."

Ta dube ni ta ce, "Haba 'yar nan, ta ce miki me?"

Cikin sittin ɗin, goma sha tara sun tsallake ɗan fari. Wasu yaran suna raye a hannun kakanni. Takwas sun rasu da alamun ciwon nan. Takwas, Yaya Ƙasimu, a inda na rubuta babu ko ɗaya.

Sista Jummai ta ce in je in karanta yadda aka karɓa, in gyara baɗi, wai irin wannan dama ba ta zuwa wa nas sau biyu. Don tana sona ta faɗa. Na ce mata jami'in lafiya ba zai jira baɗi ba, Oktoba zai fara. Mun yi kwanaki ba ma gaisawa sosai.

Na rubuta wa shugabanku. Na ce abin da na faɗa a kan ɗan fari ba daidai ba ne, ga dalili, ga abin da sittin suka nuna. Na sake kalma ɗari biyu da hamsin ɗin daga farko. Na kuma je na gaya wa jami'in da bakina ya dakata. Ban gaya wa Dada ba tukuna, ban san ta inda zan fara ba, ta riga ta ba da ɗinkin zanen da zan sa.

Ba don kai na yi ba, kada ka ɗaga hula.

Barira.

Zariya,
28 ga Yuli, 1977.

Barira,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardar hukuma za ta zo miki daga sakatare, amma shugaba ya ba ni izini in riga shi.

Na sake tsayawa a baranda. Abin da ya biyo baya shugaban ne ya gaya mini. Masu dubawa biyun sun rabu. Ɗaya ya ce mata sittin ba su isa a kafa hukunci a kansu ba, abin da aka karɓa da farko ya rushe, sabon kuma bai gama tsayuwa ba. Ɗayan ya ce gano yadda tambayar ke ɓatar da ɗan fari ya fi sakamakon farko amfani, don duk mai irin wannan bincike a ƙasar Hausa zai faɗa ramin nan. Aka ba na uku. Ya raba ta tsakiya.

An ba ki allo a baranda. Mintocinki goma an ba wanda ke biye da ke a jeri. A littafin taron gyararriyar za a buga.

Ban ga zalunci a hukuncin ba, da ni ne mai dubawa haka zan yi. Amma raina bai so ba, na san abin da kika ajiye. Ki rubuta allon da manyan baƙaƙe, ki sa tambayarki ta farko a sama yadda kika yi ta da Hausa, fassara a ƙasa. Zan tsaya kusa da ke, wannan doka ba ta hana ba.

Wani abu kuma. Na tsokane ki a kan Hadi da boko, ke da ba kya barin ko-ta-kwana, kika wuce ba ki tanka ba. In na taka wani wuri ne, ki gaya mini.

Naki,
Ƙasimu.

Gwaram,
21 ga Agusta, 1977.

Yaya Ƙasimu,

Salamu alaikum, barka da shan ruwa. Na zo Gwaram in yi kwana biyu da Dada. Kowa lafiya. Na gaya mata ba zan hau mumbari ba, tsayuwa zan yi kusa da allo. Ta ce to a tsaye ai zanen zai fi fitowa.

Takardar sakatare ta iso. Na yi kuka, ba zan yi maka ƙarya ba, sannan na sayi kwali da tawada. Jami'in lafiya ya fasa wancan tsarin. Abin da muka tsayar shi ne, allura ba za a ware kowa ba, masu cikin fari kuma za a riƙa nemansu tun kafin su tafi goyon ciki, don in sun tafi sun fita daga hannunmu. Har yanzu ba ta isa, har yanzu za mu riƙa zaɓe. Amma ba da lissafina na farko ba.

Ka ce ko ka taka wani wuri. Ka taka, amma ba ka sani ba, lokacin kana can wajen karatu.

Hadi ba shi ne na fari ba.

A ɗakin da nake rubuta maka wannan na haife shi, kafin in shiga makarantar nas. An yi suna lafiya, an ci an sha. Washegari ya ƙi nono. Dada ta yi ta ɗiga masa ruwa da cokali yana dawowa ta gefen baki. Ba sai na faɗa wa likita sauran ba.

A wasiƙata ta farko na jera maka yara uku, kai ma ka ce ɗan farina Hadi, ban gyara ba. Duk takardar aiki da na taɓa cikewa uku na rubuta. Na zauna gaban mata ɗari huɗu ina tambayarsu haihuwarsu nawa, ban taɓa jin komai a amsarsu ba, don ni ma da aka juyo da tambayar haka zan amsa. Da lissafi ya nuna ɗan fari ba ya mutuwa, sai na ji wani sanyi a raina. Na ce ashe nawa ƙaddara ce tawa ni kaɗai, ba abin da wani zai iya yi. Ina jin shi ya sa ban sake dubawa ba.

Na gama allon. A layin Gwaram, cikin 'ya'yan farin da ciwon ya ɗauke, na ƙara guda wanda ba sai na tambayi kowa ba. Sun zama tara.

In ka zo gida sallah ka biyo ta nan, Dada na son ganinka. Ka tambaye ta sunansa, za ta faɗa maka har da kamanninsa. Ni na gwada rubuta shi a nan, hannuna ya ƙi.

Ƙanwarka,
Barira.